Rumfar Injiniya Habibou

Ni dai Allah ya haɗa ni da masu cika baki iri-iri, tun daga Fagge har zuwa nan Staten Island, amma ban taɓa ganin wanda bakinsa ya yi wa hannunsa nisa kamar Habibou ba. Mutumin Maradi ne, yana da tebur a Tompkinsville inda yake sayar da turare da huluna da wayar caji. In ka tsaya sayen hula ɗaya, sai ka tafi da tarihin gine-ginensa kyauta. Shi ya kafa rumfunan kasuwar garinsu. Shi ya gyara wata gada da ta gagari Turawa. Har ita babbar gadar nan da muke hangowa daga unguwarmu, cewa yake da an nemi shawararsa da ba haka aka yi ta ba. Ba wanda ya naɗa shi Injiniya. Shi ya naɗa kansa, mu kuma muka bi shi da sunan don mu huta.

Sunana Mariya. Ina haya a saman gidan Hajiya Zuweira a Stapleton, tagar ɗakina kuma bayan gida take kallo. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Hajiya Zuweira mutuniyar Kumasi ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana da ɗan gidan abinci inda take sayar da waakye, wato shinkafa da waken mutanen Gana. Gidanta tsohon gidan katako ne a kan tudu. Filin bayansa siriri ne, kuma gangare ne, ya sauka sumul har ya tarar da bayan gidan Baba Karmain, wani tsoho ɗan asalin Italiya da ba shi da aiki sai kula da tumatirinsa da wani itacen ɓaure da ke jikin shingen da ya raba su.

Habibou ya daɗe yana son Hajiya. Wannan ne kaɗai abin da na san bai ƙara wa gishiri ba. Kullum yana gidan abincinta, ya ci ya ƙoshi, ya yi ta kewaye-kewaye, ita kuma ta ƙara masa yaji ta ce sai gobe. Mutum ne da ya haura hamsin yana kwana shi kaɗai a ɗaki ɗaya, kuma duk surutun nan nasa, in ta shigo wuri sai ka ga yana gyara hula.

To, sai ga Adjara, 'yar Hajiya, da tsohon ciki. Dangin mijinta na Morris Heights suka aiko cewa in an haihu za su kama hol a Bronx a yi suna, tunda gidan Hajiya ba wurin zama. Maganar nan ta soki Hajiya. Ta rantse jikanta na fari a gidanta za a raɗa masa suna, a gaban idon kowa. Ta ce za ta sa a yi mata dandamalin katako a bayan gida, irin wanda ake ce wa dek, a kafa rumfa a kansa, maza su zauna a inuwa. Har ta karɓi lambar wani magini.

Habibou ya ji labari, ya rufe teburinsa da rana tsaka ya taho.

"Hajiya, ina raye ki kira wani? Mi na yi miki?"

"Malam Habibou, ka taɓa yin dek?"

"Dek mi ne ne? Rumhwa ce da anka yi wa ƙasa da katako. Ni da na kahwa rumhunan kasuwa guda, ɗan wanga abu zai gagare ni? Bon, ki ba ni shantiye, aikin ginin kawai, ki koma ki zamna."

"Ei. In ya faɗi a kan baƙi fa?"

"In ta hwaɗi, kada ki ƙara amsa gaisuwata. Amma in ta tsaya hwa, Hajiya?"

Ta dube shi sama da ƙasa. Ita Hausarta ta zango ce, kuma ba ta ɓoye-ɓoye.

"In rumfan ka ya tsaya ranan suna har taro ya watse, turo mutanen ka wajen Yaya Saani a yi magana."

Alhaji Saani yayanta ne, shi ne babba a gidansu, shi ne kuma mai ja musu salla da addu'a in an taru. Habibou ya fita daga gidan nan baki har kunne. Kafin la'asar duk Tompkinsville an ji an sa masa rana.

Da katako aka fara. Wanda ake irin wannan aiki da shi a nan yana da ɗan kore-kore, saboda maganin da ake jiƙa shi da shi don kada ya ruɓe. Habibou ya duba ya ce ya yi fumfuna, so suke su cuce shi don sun ga baƙo. Ya zaɓo fari tas, mara magani. Aka jibge shi a bayan gida, shi kuma ya tsaya a kai yana waya da ƙarfi, yana faɗa wa wani a Maradi cewa ya samu kwangila a Amurka.

Washegari da sassafe na leƙa taga, sai na gan shi tsaye a tsakiyar fili da igiya a hannu, ya zuba wa sama ido. Na ce ko lafiya.

"Rana nike jira, Mariya."

"Ta yi maka alkawari ne?"

"Ke ba ki san aiki ba. Rumhwar da malamai za su zamna a kai, ai sai ta dubi alƙibla. Inda rana ta hito, nan zan ja igiya."

Hajiya ta fito da kofin shayinta. Ta ce masa ita shekara da shekaru miƙewa take yi ta bi tsawon filin nan, ta fuskanci gidan Baba Karmain ta yi salla, kuma Yaya Saani ne ya nuna mata da waya. Gidan ma kamar don alƙibla aka gina shi. Ba sai an karkata komai ba.

"Waya," in ji Habibou. "Wanda ya ƙera wayar ya taɓa zuwa Makka? Mu tun kakannin kakanninmu, inda rana take hitowa nan muke duba."

"Kakannin ka a Maradi suke. Nan New York ne."

"Rana guda ce, Hajiya. Ba a canza ta ba a hanya."

Rana ta fito ta inda ta saba fitowa a watan Satumba, can gefen dama, ya ja igiyarsa ya buga turaku. Hajiya tana sauri za ta buɗe gidan abinci, ta ce ya yi yadda ya ga dama, ita dai ta ga rumfa.

Aikin ya yi sauri, wannan ba zan hana shi ba. Ya kwantar da manyan katakai biyu a ƙasa, ya ɗora dandamali a kansu, ya kafa ginshiƙai, ya jera sanduna a sama. Ƙusa kuwa ba ya tausayinta, inda ake buga ɗaya shi biyar yake dankarawa. Matsalar ita ce fili a miƙe yake, dandamali kuma a karkace. In ka sa faranti mai kusurwa huɗu a karkace cikin siririn akwati, ka san abin da zai faru. Kusurwa ɗaya ta doshi ƙofar kicin, ɗayar kuma ta isa shingen Baba Karmain tana neman wucewa.

Na ce masa daga taga, "Injiniya, ga shinge nan fa."

"Na gan shi. Shi ne bai zamna daidai ba."

Ranar Lahadi, Baba Karmain ya sa kwat ɗinsa ya tafi coci. Bai kai kwanar layi ba Habibou ya tuge shingen, ya matsar da shi cikin filin tsohon, ya sake kafawa, ya ɗaɗɗaure da waya irin ɗaurin darni. Itacen ɓauren nan ya wayi gari a gidan Hajiya. Habibou ma har ya ɗauko kujera ya zauna a ƙarƙashinsa, yana tsinka yana ci.

A haka tsohon ya dawo ya same shi. Turancin Habibou na ciniki ne, iyakarsa farashi da rantsuwa, don haka ni na zama tafinta daga taga. Kuma wallahi ban rage wa kowa ko kalma ɗaya ba.

"Wa ya taɓa mini shinge?" in ji Baba Karmain.

"Ce mishi ba a taɓa ba. An gyara mishi zama ne."

"Itacen nan ubana ne ya zo da reshensa daga Italiya."

"To, ai ga shi nan, ba inda ya tahi. Inuwa za ya yi wa baƙi, lada tashi."

"Ba na son lada. Itacena nake so."

"Ce mishi a ƙasarmu, maƙwabci ba ya ƙirga taku da maƙwabci."

"Ce masa a ƙasarmu, lauya ne yake ƙirgawa."

Da na fassara wannan, sai ɓauren da ke bakin Habibou ya ƙi wucewa. Tsohon ya ce in shingensa bai koma inda yake ba kafin rana ta faɗi, zai kira hukumar birni su zo su ga wanda ya ba da izinin ginin. Aka kira Hajiya a waya, ta taho ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ta cika kwano da waakye da ƙwai da nama ta kai wa tsohon da hannunta, ta ba shi haƙuri. Sannan ta juyo kan Injiniya.

"Ka yanke wannan kusurwan."

"In yanke? Hajiya, mason, magini na ƙwarai, ba ya yanke aikinshi. Turawa ake yi."

"Tura mi?"

"Rumhwar. Gaba ɗaya. Ba ki taɓa ganin yadda ake tashin tireda a kasuwa ba?"

Ya tafi ya dawo da bututan ƙarfe masu kauri, da abokan shan shayinsa. Aka ɗaga dandamali da jak ɗin mota, aka zura bututan a ƙarƙashi, aka yi ta turawa sama ana kiran sunan Allah, Habibou yana gefe yana ba da umarni da Faransanci. Abin mamaki, ta tafi. Kusurwar ƙasa ta fita daga filin tsohon, shinge ya koma wurinsa, ko da yake yanzu iska ma tana iya kaɗa shi. Abokai suka yi ta jinjina masa. Sai da aka gama murna aka ji ana buga ƙofar kicin daga ciki. Kusurwar sama ta zo ta tokare ta gam, Hajiya tana ciki.

Ta leƙo ta taga. "Malam Habibou, ƙofan ya ƙi buɗewa."

"Ƙohwar ce anka sa ba daidai ba tun asali. Wa ke yin ƙohwa tana buɗewa waje?"

"Abinci fa? Ta ina zai fito?"

"Ga taga nan, har ta hi kusa. Otal-otal na Turai duk haka suke yi."

"Ban taɓa ganin mutum irin ka ba koraa, ko sau ɗaya."

Shi a wurinsa yabo ne. Ya ce mata ta bari sai an gama za ta faɗi fiye da haka.

Ni kuwa abin da nake kallo daban ne. Na ga an janye jak, an tattara kaya, amma bututan suna nan a ƙarƙashi. Na ce, "Injiniya, ba za a cire waɗannan ba?"

"A cire don mi? Gobe in Hajiya ta so ta matsar da rumhwarta, sai ta tura kawai. Wanga shi ne na zamani."

"Gangare ne fa."

"An sa mata waigi."

Waigin nasa bulo ɗaya ne a gefe guda. A ɗaya gefen kuma wani dogon icce ne da ya cusa can ciki, ban gane ko mene ne ba a lokacin. Tun daga ranar dai Hajiya ta shiga neman taɓaryar sakwararta, wadda ta taho da ita tun daga Kumasi. Ta birkice gida, ta tuhumi 'yan aikinta, har ni ta yi wa kallon biyu. Habibou yana jin ana cigiya, ya ce ɓarayin garin nan ba abin da suka bari.

Adjara ta sauka lafiya, namiji. Gida ya cika da 'yan barka, kowa ta shigo sai an kai ta taga ta ga rumfa. Su kuwa dangin Bronx suka ce za su zo su gani da idonsu.

Ana jibi suna sai ga Habibou da jarkoki biyu. Wari ne ya fara sanar da ni. Na leƙo na ga yana shafe katako da wani baƙin abu mai yauƙi.

"Wannan kuma fa?"

"Baƙin mai. Na samo wurin wani bakanike, kyauta. Maganin gara ke nan."

"Ni tun da na zo garin nan ban taɓa ganin gara ba."

"Don ba ta ga katako mai kyau ba ne. Ta ga wanga, daga Maradi ma sai ta zo."

Ya shafe ginshiƙai, ya shafe dandamali, ya shafe bencinan da aka aro daga masallaci. Ya duƙa ya shafe manyan katakan ƙasa, ragowar kuma ya tuttula wa bututan don kada su yi tsatsa. Hajiya ta dawo ta toshe hanci. Ya ce mata kafin jibi katako ya shanye, sai ƙyalli. Ya shimfiɗa tabarmi a kai. Ana gobe suna aka wuni ana ruwa, ciyawar gangaren nan ta jiƙe sharkaf.

Ranar suna gari ya waye tas. Motoci suka cika layi. Mutanen Bronx suka fito cikin farar shadda mai sheƙi, wadda in an taka sai ta yi ƙara, suka bi ta lungun gefen gida suka hau rumfa. Habibou na tsaye a bakinta cikin sabuwar babbar riga, yana karɓar baƙi kamar mai gida. Duk wanda ya hau sai ya ce masa ya buga ƙafa ya ji ƙarfin aiki. Mu mata muna kicin da falo, ana miƙa goro da koko da ƙosai ta taga.

Gaskiya rumfar ta yi kyau daga nesa. Har na ji wata daga cikin dangin mijin tana cewa ashe da gaske Hajiya take. Hajiya ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga tana murmushi. Ta leƙa ta taga ta dubi Habibou, ta ce a ƙara masa ƙosai. Ya karɓa yana gyara hula.

Wanda ya fara tashi daga benci wani dattijo ne da ya je gaisawa da Alhaji Saani. Da ya juya baya sai ga layi biyu baƙaƙe ƙirin, shimfiɗe a mazaunin rigarsa. Na kusa da shi ya yi dariya, sannan ya tuna shi ma a zaune yake, ya ɗaga ya duba. Nan take dariya ta ɗauke. Kowa ya manne a inda yake, ba mai son ya zama na gaba. Ka ga manyan mutane zaune ƙiƙam, suna gaisawa da ka.

"Injiniya, mene ne wannan?" in ji dattijon.

"Alama ce ta katako mai lahiya, Alhaji. Omo kaɗan ya isa."

Ana cikin haka wata gwaggon mijin Adjara ta zagaya neman wurin zubar da ruwa. Ta hango kan icce ya leƙo daga ƙarƙashin dandamali, ta sa hannu ta ja, ya ƙi, ta sa ƙafa ta fizge. Ta ɗago shi sama tana murna.

"Hajiya, ba taɓaryarki ba ce wannan da ake ta nema?"

Na dubi Habibou. Ƙosan da ke hannunsa ya faɗi. Ya buɗe baki, ya dubi Hajiya, ya rufe. In ya yi magana ya zama ɓarawon taɓarya a gaban surukai, in ya yi shiru kuma saura bulo ɗaya. Sai ya zaɓi shiru, ya matsa a hankali ya rungume ginshiƙi kamar mai jin jiri.

Alhaji Saani ya gyara murya ya ce a fuskanci alƙibla a yi addu'a a raɗa suna. Habibou, yana rungume da ginshiƙi, ya ce ai kowa ya zauna yadda yake, rumfar da kanta tana kallon alƙibla.

Alhaji Saani ya ciro waya ya duba. Wani ma ya ciro tasa. Kan ka ce kwabo wayoyi sun fi goma a sama, kuma duk gidan Baba Karmain suke nunawa.

"Malam Habibou, rumfan ka ina yake kallo?"

"Inda rana take hitowa, Alhaji."

"To, mu ba rana muke bauta wa ba. Jama'a, a juyo nan."

Ya taka zuwa kusurwar ƙasa ya tsaya. Jama'a suka tashi, kowa yana jan riga yana rufe bayansa, suka jawo bencina suka taru a bayansa. Habibou yana cewa a rarrabu, a bar wasu a sama, ba wanda ya saurare shi. Aka ɗaga hannuwa. Alhaji Saani ya fara addu'a, murya a sanyaye.

Sai muka ji ƙas. Bulon ne ya fashe.

Da farko a hankali ta fara tafiya, har waɗanda ke kai ba su sani ba, idanunsu a rufe. Mu da ke taga mu muka ga kusurwar nan ta saki ƙofar kicin tana ja da baya. Hajiya ta ce, "Mariya, idona ne, ko baƙina suna tafiya?"

Na ce, "Tafiya suke, Hajiya."

Bututan suka yi aikinsu, baƙin mai ya yi nasa, jiƙaƙƙiyar ciyawa ta karɓa. Rumfa ta ɗauki gudu da dattawa sun fi ashirin a kanta, da goro, da butoci. Amin ɗin da ake amsawa ya rikiɗe ya koma salati. Wani ya kama na kusa da shi, shi ma ya kama na gaba. Habibou ya saki ginshiƙi ya diro, ya riƙe gefen dandamali yana turjewa, ta ja shi a ƙasa da sabuwar rigarsa har sai da ya saki. Alhaji Saani kuwa, ko don tsoro ko don taurin kai, bai sauke hannu ba. Shingen nan da aka ɗaure da waya ya kwanta musu kamar tabarma. Suka bi ta kan tumatir, suka wuce ɓaure da ɗan taki, suka je suka daki matakalar bayan gidan Baba Karmain, rumfa ta yi girgiza ɗaya ta tsaya cak.

A cikin shirun nan aka ji muryar Alhaji Saani a fili: "Sunan yaro Abdul Hakeem."

Wani daga cikin mutanen Bronx ya ce, "Allah ya raya. Amma gidan wa muke?"

Ba wanda ya ji ciwo, sai dattijon nan da buta ta kife masa a cinya. Rumfar kuwa ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba. Tana nan tsaye, ginshiƙanta a miƙe, ta zauna daram a bayan gidan tsohon kamar da awo aka yi ta. Baba Karmain ya buɗe ƙofa da kofin kofi a hannu, ya tarar da dattawa cikin shadda mai zanen baƙi a bakin ƙofarsa. Ya dubi tumatirinsa da ya zama miya, ya dubi ɓaurensa da ya tsira, ya ɗaga kai ya dubi rumfar. Ya taka dandamalin ya buga ƙafa sau biyu. Sai ya jawo kujerarsa ya zauna a inuwa, ya ce da su barka da zuwa.

Ƙofar kicin ta buɗe, karo na farko tun ranar Lahadin nan. Hajiya ta fito a hankali, ta karɓi taɓaryarta a hannun gwaggon nan. Matan Bronx suka biyo ta, suna ta cewa ai ba komai, suna dai an raɗa, ko a gidan wa ne duk ɗaya ne. Wannan ba komai ɗin ya fi zagi ciwo. Na ga idon Hajiya ya kawo ruwa, kuma ni kaina raina ya ɓaci, don na san abin da matar nan ta ɗora a kan ranar.

Habibou ya miƙe daga cikin taɓo. Hula ta tafi, gaban riga ya zama kore da baƙi. Amma bakin yana nan.

"Hajiya, ki duba da kyau. Ba ta hwaɗi ba."

Hajiya ta tako ta tsaya a gabansa.

"Jama'a shaida ne. Cewa kinka yi in ta tsaya. Ga ta can tsaye. Wace rumhwa ce a duk Amurka za ta yi wagga tahiya da mutum ashirin ba ta karye ba? Alhaji, ku hwaɗi gaskiya."

Alhaji Saani, daga can ƙasa, yana goge hannu da hankici, ya ce, "Tsayuwa kam ya tsaya."

"To, kin ji."

Hajiya ta dogara taɓaryar a ƙasa. Ta yi magana a hankali, yadda kowa zai ji.

"Ya tsaya, Malam Habibou. Ban musa ba. Jikana na fari, an raɗa sunan shi a gidan maƙwabci, a kan tumatir. Rumfan ka ya zaɓi gidan da yake so. Sai ka tura mutanen ka can inda ya tsaya, su nema maka aure."

Ta juya ta shige, ta ja ƙofar ta rufe.

Jama'a suka fara haurowa ɗaya bayan ɗaya, kowa hannu a baya. Habibou ya tsaya shi kaɗai a inda rumfar take da, tsakanin bututai, yana kallon rufaffiyar ƙofar nan. Tunda na san shi ban taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon haka ba, har sai da na ji tausayinsa ya kama ni. Na ɗauko masa ruwa na miƙa ta taga.

Ya sha, ya goge baki. Ya juya ya dubi gangare, inda Baba Karmain ke zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya a ƙarƙashin rumfa, yana ɗaga masa kofi. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya matso kusa da taga, ya rage murya.

"Mariya, tambayar mini shi da Turanci. Tsohon nan yana da ɗiya?"